Adabin Bakan Mutanen Filifin Kafin Mulkin Mallaka da Hanyoyin da Ya Bi Ya Iso ga Manazarta

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1604 aka buga wani littafi a birnin Rum, wanda wani fada mai suna Pedro Chirino ya rubuta bayan ya shafe shekaru yana aikin mishan a tsibiran Filifin. A cikinsa ya kawo bayanai biyu waɗanda a kallon farko suke kamar suna karo da juna. Na farko, ya nuna cewa da wuya a sami namiji a cikin mutanen da ya zauna da su wanda bai iya karatu da rubutu da haruffansu na gado ba, balle mace. Na biyu kuma, ya nuna cewa addininsu da tsarin shugabancinsu ba a rubuce suke ba, a cikin waƙoƙi suke, waɗanda yara ke haddacewa ta hanyar jin manya suna rera su wajen tuƙin jirgi da wajen aiki da wajen biki da kuma zaman makoki.

Bayanan nan biyu ba su saɓa wa juna ba. Al'umma ce wadda ta san rubutu, amma ta zaɓi ta ajiye adabinta a ka. Wannan ne ya sa babu wani littafin waƙoƙi ko na tarihi da mutanen tsibiran suka rubuta kafin zuwan Turawa wanda ya iso hannun manazarta. Duk abin da aka sani game da adabinsu na wancan zamani ta ƙofa biyu ya shigo: ta alƙalamin 'yan mishan, waɗanda suka zo da niyyar kawar da addinin da ya haifi adabin, da kuma ta bakin al'ummomin kan duwatsu da na kudu, waɗanda mulkin Sifen bai iya tanƙwarawa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana rassan wannan adabi, tare da nuna irin tabon da kowace ƙofa ta bar masa.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Filifin tarin tsibirai ce fiye da 7,600 a kudu maso gabashin Asiya, kuma ana magana da harsuna fiye da 170 a cikinta. Kusan dukkansu dangin harshen Male ne, kuma suna da zumunta ta nesa da harshen mutanen Madagaska. Kafin zuwan Turawa babu wata ƙasa ɗaya mai wannan suna, domin sunan ma daga na Filib, yariman Sifen wanda ya zama Sarki Filib na Biyu, aka samo shi. Abin da ke akwai shi ne ƙananan al'ummomi da ake kira barangay, kalmar da asalinta sunan wani jirgin ruwa ne. Wani fada mai suna Juan de Plasencia, a bayanin da ya rubuta a 1589 kan al'adun Tagalog, ya ce barangay kan ƙunshi gidaje talatin zuwa ɗari a ƙarƙashin shugaba da ake kira datu. Saboda haka idan aka ce adabin Filifin na kafin mulkin mallaka, ana nufin adabin al'ummomi da dama ne, kamar Tagalog da Bisaya da Iloko da Ifugao da Maranao.

Shi kansa lokacin da ake kira kafin mulkin mallaka ba ɗaya ba ne ga kowa. Magellan ya iso a 1521, aka kashe shi a tsibirin Mactan a wannan shekara. Legazpi ya kafa sansani a Cebu a 1565, ya kama Manila a 1571, daga nan mutanen gaɓar teku da na kwari suka shiga hannu. Amma mutanen duwatsun arewacin Luzon da Musulmin Mindanao da Sulu sun ci gaba da riƙe mafi yawan harkokinsu har mulkin Sifen ya ƙare a 1898, sai a zamanin Amurkawa aka haɗa su sosai da sauran ƙasar.

3.0 Rubutu Ba Littafi

Rubutu mafi daɗewa mai ɗauke da kwanan wata da aka samu a ƙasar wani faifan tagulla ne da aka tsinta a 1989 kusa da bakin kogin Lumbang a lardin Laguna. Antoon Postma ne ya warware karatunsa, ya buga sakamakon a 1992. Kwanan watan da ke jikinsa ya zo daidai da shekarar 900 Miladiyya, an rubuta shi da haruffan Kawi na ƙasar Jawa, a cikin tsohon harshen Male mai gauraye da kalmomin Sanskirit. Abin lura shi ne abin da ya ƙunsa: ba waƙa ba ce, ba kuma tarihin sarakuna ba ne, shaidar yafe wa wani mutum mai suna Namwaran da zuriyarsa bashin zinariya ce.

Rubutun da Sifaniyawa suka tarar a hannun Tagalog kuwa shi ne baybayin. Yana da haruffa 17, wasula uku da baƙaƙe 14. Kowane baƙi yana ɗauke da wasalin a, sai a ɗiga masa alama a sama ko a ƙasa idan ana son sauya wasalin. Baƙin da ke rufe gaɓa ba a rubuta shi, mai karatu ne zai cike gurbin da saninsa na harshen. Da tsinin wuƙa ake rubuta shi a jikin gora ko ganyen kaba, kuma ya yaɗu ƙwarai, har ya sa littafin koyar da addinin Kirista da aka buga a Manila a 1593 ya zo da fassarar Tagalog da waɗannan haruffa.

An daɗe ana yaɗa cewa 'yan mishan sun tara littattafan mutanen ƙasar sun ƙone, kamar yadda aka yi wa littattafan Maya a Amurka ta Tsakiya. Binciken masanin tarihi William Henry Scott bai sami hujjar wata gagarumar ƙona irin wannan ba. Abin da shaidu suka fi nunawa shi ne an yi amfani da baybayin wajen wasiƙu da gajerun saƙonni da baitocin soyayya da layu. Gora da ganye ba sa jure damshin ƙasar, rubutun da kuma yake barin rabin aikin ga mai karatu ya fi dacewa da tunatar da mutum abin da ya riga ya sani fiye da taskace doguwar waƙa.

Ana iya ganin yadda abin yake aiki a wurin Hanunuo Mangyan na tsibirin Mindoro, waɗanda ba su daina amfani da wani reshe na wannan rubutu ba. Suna da waƙa da ake kira ambahan, mai gaɓa bakwai a kowane ɗango, da amsa-amo ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, tsawonta kuwa ba shi da iyaka tsayayya. Mutum kan sassaƙa ta a jikin gorar da yake ajiye taba ko farar ƙasar tauna, wani ya gani ta burge shi, ya kwafa a tasa gorar. Da ita ake neman aure, da ita ake tarbar baƙo, da ita uba ke yi wa ɗa faɗa ba tare da ya ambaci laifin ba, domin duk maganar kan tsuntsaye da itatuwa da ƙwari take tafiya. Ba a tambayar wanda ya ƙirƙiri ambahan, abin da ake dubawa shi ne ko wanda ya kawo ta ya kawo ta a muhallinta. A 1993 gwamnatin Filifin ta karrama Ginaw Bilog saboda riƙon wannan fasaha, a 1999 kuma UNESCO ta sanya rubuce-rubucen Hanunuo da Buhid da Tagbanwa da Pala'wan cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya da aka rubuta.

4.0 Abin da 'Yan Mishan Suka Taskace

4.1 Gajerun Rassa a Ƙamus

Fada ba zai yi wa'azi ba sai ya iya harshe, ba zai kuma iya harshe ba sai da ƙamus. Ta wannan hanya ce gajerun rassan adabin Tagalog suka tsira. Pedro de San Buenaventura ya buga ƙamus a 1613, amma wanda ya fi amfani ga mai nazarin adabi shi ne na Juan de Noceda da Pedro de Sanlucar na 1754. Idan kalma ta yi musu wuyar fassara sai su kawo karin magana ko kacici-kacici ko baitin da aka yi amfani da ita a ciki. Ba adabi suka tashi tarawa ba, misalai suke nema, amma da misalan nan ne Bienvenido Lumbera ya gina babin farko na littafinsa na 1986 kan tarihin waƙar Tagalog.

Kacici-kacici, wato bugtong, da karin magana, wato salawikain, duk suna zuwa ne da siffar waƙa: yawanci ɗango biyu masu daidaiton gaɓoɓi da amsa-amo. Daga su aka haura zuwa tanaga, baiti ɗaya mai ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa bakwai. Ginshiƙin duka ukun shi ne abin da Tagalog ke kira talinghaga, wato a ɗauko hoton wani abu na yau da kullum, kamar kifi ko kwakwa ko ciyawar bakin rafi, a jingina masa ma'anar da ba a furta ba. A kacici-kacici hoton yana ɓoye amsa guda. A tanaga kuwa amsar ba guda ba ce, mai sauraro ne zai auna hoton da halin da ake ciki.

Ƙamus ɗin ya kuma jera sunayen waƙoƙi bisa ga wurin da ake yin su. Akwai oyayi ta renon yara, da soliranin da talindaw na matuƙa jirgi, da diona ta biki da aure, da kumintang wadda ake dangantawa da yaƙi. Mafi yawan waɗannan sunansu kawai ya rage, da ɗan bayanin da bai wuce layi ɗaya ba. Duk da haka jerin ya tabbatar da maganar Chirino: kowace waƙa tana da aikin da take rataye a jikinsa.

4.2 Mawaƙan Bisaya

Bayani mafi zurfi kan waƙa ya fito ne daga Francisco Ignacio Alcina, wanda ya yi fiye da shekara talatin a tsakanin Bisaya, musamman a Samar da Leyte, ya kammala tarihinsu a 1668. Alcina ya yarda cewa Baturen da ya ƙware a harshen yau da kullum kan tsaya ya rasa gane komai da zarar an shiga waƙa, saboda harshen waƙa yana da nasa kalmomin da nasa zaurancen.

Mafi sauƙi a cikin rassan da ya ambata ita ce ambahan ta Bisaya, wadda ta sha bamban da ta Mangyan: ɗango biyu ne masu gaɓa bakwai-bakwai, waɗanda ake iya juya su, na biyu ya koma farko, ma'ana ba ta ɓaci ba. Kowa yana iya yin ta, har yara. Sai bikal, wadda gasa ce ta ba'a da zambo tsakanin mutum biyu, maza ko mata, suna tona wa juna asiri cikin waƙa na tsawon awa ɗaya ko biyu, 'yan kallo suna dariya suna taya wanda ya fara gazawa. Sai balak ta saurayi da budurwa, wadda a wani lokaci ba a ma buɗe baki: saurayi ya kaɗa kudyapi, wani abin kiɗa mai tsirkiya, budurwa ta mayar masa da korlong, su fahimci juna a gaban iyayen da ke zaune. Akwai kuma waƙoƙin makoki, waɗanda mata ke yi suna lissafa halayen mamaci.

A saman su duka akwai siday ko kandu, waƙar yabon jarumai da kakanni, wadda sai ƙwararru ke yi, ana kuma biyan su. Takan ɗauki awa shida ko dare guda, masu sauraro ba sa gyangyaɗi. Alcina bai rubuta ko ɗaya cikakkiya ba, taƙaitawa kawai ya yi. Daga cikin abin da ya taƙaita akwai labarin Datung Sumanga, wanda ya nemi auren wata gimbiyar Bohol mai suna Bugbung Humasanun, ita kuwa duk lokacin da ya dawo sai ta sa masa sharaɗin kai wani harin da ya fi na baya nisa, har jiragensa suka kai gaɓar ƙasar Sin. Wannan ɗan taƙaitawa ya nuna abin da aka yi hasara: al'ummar da ke da mawaƙan da ke kwana suna waƙa, abin da ya rage daga bakinsu bai wuce 'yan shafuka da Sifananci ba.

4.3 Labarin Halitta

Miguel de Loarca, wanda soja ne ba fada ba, ya rubuta labaran asalin duniya na Bisaya a 1582. A ruwayar mutanen kan tudu, da farko babu komai sai sama da teku, da wata shirwa da ta gaji da shawagi ta rasa wurin sauka. Sai ta haɗa sama da teku faɗa, sama ta yi ta jefo duwatsu don ta danne teku, duwatsun suka zama tsibirai. Daga baya wata gora ta bugi ƙafar shirwar, ta sare ta da baki, namiji da mace suka fito daga ciki. Labarin ya ci gaba da cewa da 'ya'yansu suka yi yawa suka gallabi uban, sai ya ɗauki sanda, suka watse. Waɗanda suka ɓuya a ƙuryar ɗaki su ne kakannin sarakuna, waɗanda suka maƙale a bango su ne kakannin bayi, waɗanda kuwa suka fita ta ƙofa suka bi teku su ne Sifaniyawa, ga shi sun dawo.

Wannan jimla ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. Shekara 17 kacal bayan saukar Legazpi, labarin ya riga ya buɗa wa baƙi wuri a cikinsa. Ke nan ko ruwaya mafi daɗewa da ake da ita ba ta zo a yadda take kafin 1521 ba.

5.0 Dogayen Waƙoƙin Jarumai

A yankunan da suka karɓi Kiristanci, dogayen waƙoƙin sun mutu ne tare da masu riƙe da su. Shugabannin addinin gargajiya, babaylan a wurin Bisaya, katalonan a wurin Tagalog, waɗanda yawancinsu mata ne, su ne ma'ajiyar addu'o'i da salsalar kakanni, su ne kuma 'yan mishan suka fi sa wa ido. An tattara mutane daga ƙauyuka zuwa garuruwan da ke kewaye da coci, bukukuwan da ake waƙoƙin a cikinsu suka daina. Gurbin da aka bari sai pasyon ta cike shi, wato labarin wahalar Almasihu cikin baitoci masu ɗango biyar, wanda Gaspar Aquino de Belen ya buga na farkonsa da Tagalog a 1704. Har yau ana taruwa a gidaje ana rera ta dare da rana a makon da ke gabatar da Ista. Al'adar kwana ana sauraron labarin gwarzo ba ta mutu ba, gwarzon ne aka sauya. Tagalog, duk da su ne suka fi kowa samun masu rubuta harshensu, ba su da ko waƙar jarumai ɗaya ta gado da ta rage.

5.1 Hudhud

Ifugao suna zaune ne a duwatsun arewacin Luzon, inda suka sassaƙa gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tsaunuka. Waƙarsu ta hudhud ana yin ta ne a lokacin cirar ciyawa da girbin shinkafa, da zaman makokin mutum mai daraja, da kuma bikin da ake tono ƙasusuwan mamaci a wanke su a sāke naɗe su. An ƙiyasta labaranta sun haura 200, kuma rera guda cikakke kan ci kwanaki.

Jagorar waƙar, wadda ake kira munhaw-e, yawanci dattijuwa ce. Ita ke ɗauke da zaren labari: wane ya tashi, ya ɗauki mashi, ya nufi wuri kaza. Da zarar ta kai ga sunan mutum ko na gari sai 'yan amshi su karɓe, su jero kirarin wannan suna da siffofin wannan wuri, kafin su mayar mata. Hikimar tsarin a fili take. 'Yan amshi ba sa buƙatar sanin labarin, kirarin kawai za su riƙe, ita kuwa jagora tana samun numfashi da damar shirya ɗango na gaba. Ga matan da ke tsaye a jere cikin laka suna yanke zangarniya ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙa, wannan ya sa kowa na da baki a waƙar ba tare da hannu ya tsaya ba.

Fitaccen gwarzon hudhud shi ne Aliguyon, wanda ya tafi ɗaukar fansar gabar mahaifinsa a kan Pumbakhayon. Mashi ɗaya suke jifar juna da shi, wannan ya cafe ya mayar, wancan ya cafe ya mayar, shinkafa ta nuna a girbe, wata ta sake nuna, ba wanda ya ji wa wani rauni. Daga ƙarshe kowa ya ga girman abokin karawarsa, aka yi sulhu, kowannensu ya auri 'yar'uwar ɗayan. Abin mamaki ne a ce al'ummar da aka san ta da ramuwar gayya da sarar kai ta zaɓi gwarzon da bai kashe abokin gabarsa ba, amma idan aka tuna cewa mata ne ke riƙe da waƙar, kuma su ne ke zaman makokin waɗanda gaba ta ci, mamakin zai ragu. Maza suna da tasu waƙar ta tsafi, alim, wadda ba kowa ake yi wa ita ba.

Wani fada ɗan Beljiyam, Francis Lambrecht, ya rubuta hudhud da dama ya buga su daga shekarun 1950 zuwa na 1960, UNESCO kuma ta ayyana ta cikin muhimman al'adun baka na duniya a 2001. Sai dai karramawa ba ta mayar da muhalli. Inda aka daina girbi da hannu, ko matasa suka tafi birni, waƙar ta rasa wurin tsayawa, kamar yadda injin niƙa ya yi wa waƙoƙin da matan Hausa ke yi a bakin dutsen niƙa. An koma koyar da ita a makarantu, inda yara ke haddace gutsure su rera a gasa.

5.2 Darangen

Maranao Musulmi ne da ke kewaye da tafkin Lanao a Mindanao. Waƙarsu ta Darangen tana da rukunai 17 da ɗangogi kimanin 72,000, kuma duniyar da take siffantawa ta gabaci musuluntarsu: duniya ce ta iskokin da ake kira tonong, da jiragen da ke tashi sama, da birnin Bembaran wanda ya ɓace. Shahararren gwarzonta shi ne Bantugan, wanda sarkin Bembaran, ɗan'uwansa, ya hana kowa yi wa magana saboda hassada. Ya bar gari, ciwo ya kama shi, ya mutu a ƙofar wata masarauta inda ba a san shi ba, sai akunsa ya bayyana ko shi wane ne. 'Yan'uwansa suka hau sama, suka yaudari mai tsaron rayuka, suka dawo da ransa a cikin kwalba.

Darangen ba labari kawai ba ce. A cikinta Maranao ke samun misalan dokokin gargajiya da ladubban neman aure da na sulhu, masu jawabi kuma kan tsakuro ɗangoginta a taro. Ƙwararrun mawaƙa da ake kira onor ke rera ta a bukukuwan aure na dare da dama. Wani abin da ya bambanta ta shi ne, bayan zuwan Musulunci, iyalai sun rubuta sassanta da kirim, wato harshen Maranao da haruffan Larabci, daidai da abin da ajami yake ga Hausa. Daga irin waɗannan littattafan gida ne masu bincike a Jami'ar Jihar Mindanao da ke Marawi, ƙarƙashin jagorancin Delia Coronel, suka tattara ta suka buga cikin mujalladi takwas, farawa daga 1986. UNESCO ta karrama ta a 2005. Matsalarta biyu ce: harshenta tsoho ne wanda matasa ba sa ganewa, wasu malamai kuma suna ƙyamar ta saboda iskokin da ke cikinta.

5.3 Hinilawod da Lam-ang

A tsakiyar tsibirin Panay, F. Landa Jocano ya ɗauki Hinilawod a na'urar ɗaukar magana a 1956 da 1957 daga bakin mawaƙan Sulod, ciki har da wata babaylan mai suna Hugan-an. Waƙar ta haura ɗango 28,000, tana ba da labarin Labaw Donggon da 'yan'uwansa. A wannan yanki akwai al'adar binukot, inda iyali ke keɓe 'ya mace tun tana ƙarama, ba ta shiga rana, ba ta zuwa gona, aikinta saƙa da rawa da haddar waƙoƙin, sadakinta kuma ya fi na kowa. Da makarantar boko ta shiga duwatsun al'adar ta ja baya, ma'ajiyar waƙoƙin ta ragu tare da ita. Ba kowa ne zai yi kukan wucewar al'adar da ke tsare yarinya a ɗaki ba, amma ita ce ta riƙe waƙar.

Biag ni Lam-ang ta Iloko misali ce ta waƙar da ta ratsa ta cikin coci ta fito. Gwarzonta ya yi magana ranar da aka haife shi, ya zaɓa wa kansa suna, wani ƙaton kifi ya haɗiye shi, zakaransa da karensa suka tayar da shi daga ƙasusuwansa. Wannan duk tsohon zance ne. Amma sunan mahaifinsa Don Juan, matarsa Ines, a coci kuma aka ɗaura aurensu. Isabelo de los Reyes ne ya fara buga ta a jaridarsa tsakanin 1889 da 1890, daga rubutun da wani fada ya ba shi.

6.0 Matsalar Tantancewa

Daga abin da ya gabata, mai nazari yana fuskantar tarko biyu. Na farko shi ne ɗaukar abin da aka ji a bakin mutanen kan duwatsu a ƙarni na 20 a matsayin hoton ƙarni na 15. An daɗe ana cewa gonakin Ifugao sun kai shekara 2,000, ana kuma auna shekarun hudhud da su. Haƙe-haƙen da Stephen Acabado da abokan aikinsa suka yi a tsohon garin Kiyyangan daga 2012 sun nuna cewa noman shinkafar ruwa ya bunƙasa ne a can bayan zuwan Sifaniyawa, lokacin da mutanen kwari suka hau duwatsu don guje musu. Wannan bai nuna hudhud sabuwa ce ba, amma ya nuna cewa ko waɗanda ba a mallaka ba mulkin mallaka ya taɓa rayuwarsu, waƙar da ke bin girbi kuwa ba za ta rasa bin sauyin girbin ba.

Tarko na biyu ya fi muni. Sifaniyawa sun daɗe suna cewa ba su tarar da wata wayewa a tsibiran ba, 'yan kishin ƙasa kuma, tun daga José Rizal wanda ya sake buga littafin Antonio de Morga na 1609 da sharhinsa a 1890, suka tashi neman hujjar da za ta ƙaryata su. Da yake a idon zamanin rubutacciyar takarda ce kawai hujja, waƙar dattijuwa a gona ba ta isa ba, sai aka sami masu biyan buƙata. A 1907 Pedro Monteclaro ya buga Maragtas, labarin datu goma da suka yi hijira daga Borneo zuwa Panay. Shi da kansa ya nuna cewa daga ruwayoyin baka da wasu takardu ya haɗa shi, amma na baya suka mayar da shi tsohon kundi.

Na José E. Marco kuwa ƙirƙira ce tsagwaronta. A 1914 ya miƙa wa ɗakin karatu na ƙasa wasu takardu da ya ce wani fada mai suna Pavón ya rubuta, a cikinsu akwai dokoki 18 da wai wani Datu Kalantiaw ya kafa a 1433, masu hukunce-hukunce irin su jefa mai laifi ga kada ko ga tururuwa. Dokokin suka shiga littattafan makaranta, aka gina wa Kalantiaw wurin tunawa a Aklan, aka sa wa jirgin yaƙi sunansa. A 1968 Scott ya nuna a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Santo Tomas cewa takardun cike suke da kalmomi da kwanakin da ba za su yiwu ba a zamanin da aka jingina su gare shi, kuma babu wata ruwaya, ta baka ko ta rubutu, da ta san da wannan datu kafin Marco. Masanan tarihin da suka zauna a kan kundin ba su kawo wata hujja ta kare takardun ba. Duk da haka, a 1971 gwamnatin Marcos ta ƙirƙiro lambar girmamawa da sunan Kalantiaw don alƙalai. Sai a 2004 hukumar tarihi ta ƙasar ta fitar da ƙudurin da ya tabbatar da cewa dokokin jabu ne, shekara 36 bayan binciken Scott, shekara 90 bayan Marco ya miƙa takardunsa.